Yaji da Cikin Malami

Shugaban reshe, iyayenmu da suka riga mu riƙe alli, abokan aiki maza da mata, barkanku da zuwa.

An ɗora mana nauyin yin magana a kan yawan cin yaji, kuma mun san ƙasar da muke tsaye a kanta. Aliero ta yi suna da albasa har a ƙetare, fadamun Jega da Maiyama kuwa ba sa rabuwa da tattasai da attarugu da barkono, wanda muke kira tonka. Kuɗin littafin ɗalibanmu da yawa daga nan yake fitowa, don haka ba za mu kushe wa manomi amfanin gonarsa ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda muke ci.

Zafin barkono yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna kafsaisin, wanda ke taɓa jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya ƙone. Binciken wannan al'amari ne ya sa David Julius na Amurka ya sami kyautar Nobel a 2021. Sinadarin ba ya narkewa cikin ruwa, shi ya sa ko an shanye randa harshe bai daina raɗaɗi ba, alhali ludayi biyu na nono sun isa.

Inda muke so mu daɗe shi ne batun gyambon ciki, wato olsa. Kusan kowace makaranta akwai malamin da ke dafe ƙirji yana cewa yaji ne ya jawo masa. Likitoci sun daɗe da barin wannan fahimta. Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya sun nuna cewa wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi ita ce ke haddasa mafi yawan gyambon, aka kuma ba su Nobel a 2005. Sanadi na biyu shi ne magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, waɗanda muke saye a kemis ba tare da takardar likita ba. Yaji kuwa fama gyambon yake yi, kamar gishiri a kan rauni.

To, mu dubi yininmu. Malami ya fito da sassafe ciki wayam, ya tsaya gaban allo har azahar, baya ya riƙe, ya haɗiyi ƙwaya biyu, sa'an nan ya zauna gaban ɗanwake ko tsire da aka lulluɓe da yaji. Idan ciwo ya taso sai ya bar yajin mako guda, ya ji sauƙi, ya ɗauka ya warke, ƙwayar cutar kuwa tana nan. Ana gano ta da gwaji, ana kuma kashe ta da magani na kamar mako biyu. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko yana ramewa ba dalili, asibiti ya kamata ya nufa a ranar, kada ya tsaya jiƙa kanwa.

Akwai kuma ƙwannafi. Yaji mai yawa da dare, a kwanta nan take, yakan tsananta shi, kuma ruwan tumbi idan ya hauro maƙogwaro yana dusashe murya. Ba sai mun gaya wa malami abin da muryarsa take a gare shi ba. Kada kuma mu manta garin yaji ba barkono kaɗai ba ne, cike yake da gishiri da dunƙule, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Masu hawan jini su lura.

Yara sun fi mu rauni. A 2023 wani yaro ɗan shekara 14 mai matsalar zuciya ya rasu a jihar Masachusets ta Amurka bayan ya ci wani soyayyen abu mai tsananin yaji da ake gasar ci. Mu ma muna ganin ɗalibai suna gasar wa ya fi jure yaji a kan awara lokacin tara, ana yi musu tafi.

Roƙonmu ga shugabannin makarantu shi ne su zauna da iyayenmu mata masu sayar da abinci a bakin ƙofa, a roƙe su su riƙa ajiye yaji a gefe, ƙaramin yaro kuma a ɗiba masa da hannun babba. Muna kuma ba reshe shawarar ya gayyato ma'aikacin lafiya daga Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jega a zama na gaba, domin masu tambaya kan gwajin su ji daga bakin masu shi.