Shingen Illela da Shingen Na'ura



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Sakkwato zuwa Illela ya san shingen nan na ƙarshen gari, inda motocin kaya ke jeruwa kafin su tsallaka Birnin Ƙonni. Direba ba ya wucewa sai ya faɗi inda ya fito da inda za shi. Na'urar da zan yi magana a kanta yau, watau rauta mai katangar tsaro, irin wannan aiki take yi tsakanin kwamfutocin ofis da intanet. A ganina kuwa, yawancin laifin da ake ɗora wa katangar nan, na adireshi ne.

Kowace kwamfuta tana da adireshin IP, lambobi huɗu a jere, misali 192.168.1.20. Irin waɗannan adireshi ba su wuce biliyan 4.3 ba, ba za su ishi duniya ba. Saboda haka a 1996 aka tsayar da rukuni uku na amfanin cikin gida: masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168. Ba a fita intanet da su. In saƙo zai fita, sai rauta ta sa masa nata adireshin, ta rubuta a littafinta don ta san mai amsar in ta dawo, kamar yadda fatoma ke tsaya wa baƙon falke a kasuwa. Wannan shi ake kira NAT.

Bayan buɗe iyakar a watan Maris na 2024, an kira ni ofishin wani mai fiton kaya a Illela. Ga motar albasa a rana, ga takardu sun ƙi tafiya ta intanet, albasa kuwa ba ta san jira ba. Yaron ofis, da kyakkyawar niyya, ya riga ya share dokokin katangar duka, yana zaton su suka tare hanya. Ƙofa ta zauna a buɗe, saƙo bai fita ba.

Ashe modem ɗin da ke kawo layi tana rukunin 192.168.1, cikin ofis ma haka. Rauta ta ga unguwa ɗaya a gabanta da bayanta, ta rasa ta wace ƙofa za ta miƙa saƙo. Ku ɗauka a ce da Illela da Ƙonni sunansu ɗaya, sa'an nan a ba direba wasiƙa.

Gyaran bai ci rabin sa'a ba. Muka mai da cikin ofis rukunin 10.20.0, rauta ta ɗauki 10.20.0.1, ta zama ƙofar fitar kowace kwamfuta, ita ce kuma ke raba musu adireshi. A jadawalin hanyoyi muka rubuta 0.0.0.0/0 zuwa 192.168.1.1, ma'ana duk saƙon da ba na gida ba ne a miƙa wa modem.

Mai da dokokin katanga shi ya fi cin lokaci, domin a irin wannan na'ura daga sama ake karanta su, wadda ta fara dacewa da saƙo ita ke yanke hukunci. Muka bar amsar abin da ofis ya nema ta shigo, doka ta ƙarshe ta hana saura. Kalmar sirri ma ta masana'anta ce har ranar, muka sauya. Motar albasa ta tsallaka kafin la'asar.