Renon 'Ya'yan Kanari da Hannu

Duk wanda ƙaddara ta sa uwa ta guji 'ya'yan kanarinsa, har ya zama tilas ya ɗauki sirinji ya maye gurbinta, to lalle ya sani amana ce mai wuya ya ɗauka, domin ɗan tsuntsun da gashi bai rufe shi ba yana bukatar ci kusan kowace sa'a, tun daga hudowar rana har faɗuwarta.

Mafi yawan asarar daga kunun da ake ba su take tasowa. Idan ya yi sanyi, sai ya kwanta a jakar abincin da ke gindin wuyan ɗan, ya yi tsami, ciwo ya biyo baya. Idan kuwa ya zarce kimanin digiri 40, sai ya ƙona wannan jaka, alhali kuwa illar ba ta bayyana sai bayan kwanaki. Saboda haka wajibi ne a dama sabo kowane lokaci, a wanke sirinji, a duba ko na dā ya sauka kafin a ƙara wani. Ɗura kuwa, wadda masu gaggawa suka ɗauka taimako ce, ita ke tura abinci hanyar numfashi.

Yaye kan zo wajen mako 4 zuwa 5. A ajiye jiƙaƙƙen gero da gwaiduwar dafaffen ƙwai, a rage ciyarwa sannu a hankali, ta yamma ce ta ƙarshen yankewa, kuma ɗan da ya kumbura gashi ya yi shiru, a mayar da shi kan sirinji.