Jawabi a Bikin Yaye Ma'aikatan Lafiya



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da malamai, shugabannin wannan makaranta, iyayen ɗalibai, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, barkanmu da ganin wannan rana.

A da, ma'aikacin lafiya ya san lokacin kowace cuta: sanƙarau da bazara, zazzaɓin cizon sauro da damina. Yanzu lissafin ya fara rikicewa. Zafi ya ƙaru, ruwa yakan yi jinkiri, in ya zo kuma ya zo da ɓarna. Ambaliyar 2022 ta hallaka mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri har cikin asibitin koyarwa na jami'a.

Aikinku ya fi tsanani bayan ruwa ya janye. Masai ya cika ya gauraya da rijiya. Kwana kaɗan sai uwa ta shigo da yaro a goye, ido ya faɗa, gudawa fara tas kamar ruwan shinkafa, in ka tsunguli fatar cikinsa ba ta komawa da wuri. Kwalara tana iya kisa cikin sa'o'i, kuma a ranar babu hanyar zuwa birni neman magani.

Don haka ku shirya tun rani. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Ku neme shi, ku karanta shi yadda kuke karanta katin majinyaci. Kafin ruwan farko ku ƙirga ƙunshin gishiri da sukari da ledojin ƙarin ruwa da sinadarin tsaftace rijiya, ku ɗaga magunguna daga ƙasa. Ku san kowace mai tsohon ciki da ke tsallaken rafi, ku zauna da ungozoma da mai unguwa da liman a tsara yadda za a fito da ita. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da damina, kada wata ya wuce yaro bai sha ba.

Ranku ya daɗe, shugabanni, roƙona gare ku shi ne ku sa wa waɗannan ma'aikata sola a asibitocin karkara, domin firjin allurar rigakafi ba ya jure ɗaukewar wuta da bazara, ku kuma haƙa musu ruwa mai tsafta.

Iyaye, Allah Ya saka muku da alheri. 'Ya'yana, Allah Ya sanya albarka a hannuwanku. Sai ku matso a miƙa muku takardunku.