Daga Zauren Madabo zuwa Ajin Jami'a: Haɗa Fannonin Ilmi domin Ɗorewar Ƙasa



Batun da aka ɗora mini shi ne yadda jami'a za ta yi bincike da koyarwa a kan ci gaba mai ɗorewa, wato irin ci gaban da zai biya wa mutanen yau bukatunsu ba tare da ya cinye rabon jikokinsu ba. Wannan lafazi ya bazu a duniya tun daga 1987, sa'ad da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da Madam Brundtland ta ƙasar Nowe ta shugabanta ya fitar da rahotonsa, kuma a 2015 Majalisar ta tsara muradu 17 a kansa. Abin da nake so in tabbatar a gabanku shi ne, matsalar ƙasa da ruwa da abinci ba ta zuwa a rarrabe kamar yadda muka rarraba sassan jami'a, saboda haka sashe guda ba ya iya warware ta.

Zan fara da Madabo, tsohuwar unguwar malamai ta cikin birnin Kano, wadda tarihi ya danganta kafuwar masallacinta da makarantarta da zuwan Wangarawa daga ƙasar Mali ƙarƙashin Shehu Abdurrahman Zaite. Tarihin Kano ya sanya zuwansu a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), wata ruwayar kuma ta kai shi zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Madabo ta shahara da fiƙihun Malikiyya, musamman karatun Muhtasar na Halilu, har yau kuma akwai sarautar Babban Malami na Madabo. Wanda ya sauke littafin fiƙihu a irin wannan zaure lalle ya bi ta kan hukuncin ruwa mai tsarki da gurɓatacce, da hurumin rijiya, da raya mataccen fili, da zakkar hatsi da ta dabbobi, da lissafin rabon gado. A jami'ar zamani waɗannan babuka sun watsu tsakanin sashen shari'a, da na aikin gona, da na lissafi, da na kiwon lafiya. Malamin zaure ba shi da ɗakin gwaji, ba ya kuma auna gubar da ke cikin ruwa. Amma ya san cewa gona da rijiya da magada duk zancen gida ɗaya ne, wannan kuwa shi ne abin da tsarinmu na yau yake yawan mantawa.

Misali na farko yana bayan ganuwar nan. Karkarar da ta kewaye Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, kuma an daɗe da daina hutar da gona a cikinta. Bisa ƙa'idar da aka saba karantawa a littattafai, ya kamata a ce ƙasar ta mutu tuntuni. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin daga Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, daga baya kuma ya zama farfesan labarin ƙasa a Jami'ar Bayero, ya nuna dalilin da ya sa ba ta mutu ba. Manomi yana turke dabbobinsa da damina, yana ba su harawar wake da ta gyaɗa da rani, yana mayar da takinsu gona. A wancan lokacin jakuna suna kai itace birni, su komo da takin gari. Ana barin gawo da ɗorawa da kuka a tsaye cikin gero da dawa. Masanin ƙasar noma shi kaɗai zai auna sinadarinta, amma ba zai ga jakin ba, ba kuwa zai ga cin ranin da yake kawo kuɗin sayen tumaki ba. Haka nan a Samaru, David Norman da abokan aikinsa, waɗanda masana tattalin arziki ne a tsakiyar masana shuke-shuke, suka tabbatar cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, abin da malaman gona suka daɗe suna hanawa, dabara ce ta rage hasara a shekarar da ruwa ya yi gardama.

Misali na biyu ya fi ɗaci. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙarfafa ra'ayin tare ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974 domin noman rani a Kadawa da samar wa Kano ruwan sha, aka bi ta da ta Challawa a 1992. Ta fuskar injiniya aikin ya yi kyau, kuma dubban iyalai suna cin tumatir da shinkafa da alkamar wannan ruwa. Amma ambaliyar da take shayar da fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara ta ragu, ruwan da ake saki ba ƙaƙƙautawa kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin kogi, har masunta da makiyaya da manoman fadama suka tagayyara. Binciken masana tattalin arziki na shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwan idan ya isa fadama ya fi wanda ake samu idan an tsare shi a sama. Da masanin kifi da masanin zamantakewa sun zauna teburi ɗaya da injiniya tun ana zana taswira, da an tsara sakin ruwan ta wata hanya dabam.

Na uku yana ƙofar Madabo kanta. Kogin Jakara, wanda ya ratsa tsohon birni ta gefen Kasuwar Kurmi, yana kwashe ƙazantar gidaje da ta mayanka, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, sa'an nan masu lambu su yi ban-ruwa da shi. An yi gwaje-gwaje da yawa a jami'a waɗanda suka sami ƙarafa masu guba a ruwan. To, amma sakamakon gwaji ba ya hana mai lambu ɗiban ruwan da ba shi da waninsa. Ana bukatar likita, da lauya, da mai tsara gari, da limamin da jama'a suke saurara. Haka zancen kududdufan birni yake: ramuka ne da aka haƙa domin ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan sama, yanzu kuwa ana cike su ana gini, ruwan da ya rasa masauki yana shiga ɗakunan mutane.

Jami'ar Bayero, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1977, ta ɗauki mataki a 2012 da ta kafa Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa da tallafin Gidauniyar MacArthur. A 2014 Bankin Duniya ya zaɓe ta cikin fitattun cibiyoyin ilmi na Afirka. Cibiyar tana tara masana shuke-shuke da dabbobi da labarin ƙasa da tattalin arziki, tana kuma horar da ɗaliban digiri na biyu da na uku daga Nijeriya da maƙwabtanta. Wannan abin yabo ne, amma cibiya ɗaya ba ta isa ta sauya ɗabi'ar jami'a duka ba. Muddin ana yi wa malami ƙarin girma bisa abin da ya wallafa a fanninsa kawai, zai ga aikin haɗin gwiwa ɓata lokaci ne. Muddin kuma ɗalibin injiniya zai gama karatu bai taɓa kwana a ƙauyen da madatsarsa za ta shafa ba, za a sake maimaita kuskuren da aka yi.

Shawarata ga hukumar jami'a ita ce a tsara aikin shekarar ƙarshe ta yadda ɗalibai daga tsangayoyi dabam-dabam za su tunkari matsala guda, kamar kududdufi ɗaya ko fadama ɗaya, su rubuta rahoto guda, a kuma fassara shi da Hausa a karanta wa mutanen wurin. A lissafa irin wannan aiki wajen ƙarin girma. A kuma shigo da malaman zaure cikin bincike a matsayin abokan aiki, domin hukuncin hurumi da na gado yana hannunsu, gado kuwa shi ne yake tsinka gona har ta gaza ciyar da gida.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, ku dubi Maraɗi. Tun daga 1983 manoman can suka shiga rainon tohon kututturen itatuwa a gonakinsu, har aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar. Dabarar ba ta da tsada. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne sassauta dokar gandun daji, har manomi ya amince cewa itacen da ya raina nasa ne. Ke nan takardar da ke kan teburin ma'aikacin daji ko na filaye tana iya tsayar da itace ko ta kayar da shi. Kafin ku sa hannu a kan wani aiki na ruwa ko na fili, ku tambayi ma'aikatar da ke maƙwabtaka da ku, ku nemi rahoton jami'a, ku kuma ji ta bakin mutanen da suke ƙasan kogi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu bar wa na baya ƙasar da za ta ciyar da su.