Yaro Ya Karanta Littafi, Yaya Za Mu Sani?

 

Tun 1976 aka buɗe ƙofar firamare ga kowane yaro a Nijeriya, a 2001 kuma aka buɗe jami'a a nan Wudil. Amma har yau akwai ƙannenmu da kan gama aji shida ba su taɓa karance littafi ɗaya daga bango zuwa bango ba. Inda aka karanta ɗin ma, malami kan rubuta taƙaitaccen labarin a allo, yara su kwafa, a ba kowa maki. Wannan kwafa ba ta nuna wanda ya karanta. Abin da ke nunawa shi ne yaro ya maido da labarin da bakinsa ko da hannunsa. Ga hanyoyi huɗu da ba su bukatar ko kwabo.

Ta farko, shari'a. In an karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, sai a naɗa alƙali a aji, a gurfanar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe, a bincika wanda ya fi cutar ɗan'uwansa. Sharaɗi ɗaya ne, duk mai ba da shaida sai ya nuna shafin da abin ya faru. Wanda bai karanta ba nan take zai tonu.

Ta biyu, wasan kwaikwayo. Yaran da suka iya tashe ba sa bukatar a koya musu shiga rigar wani. Manya ma haka suka yi da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka mai da shi wasa, sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976.

Ta uku, aikin hannu. A ɗebo yumɓu a gina akun nan na Magana Jari Ce, kowa ya riƙe nasa ya faɗi labari ɗaya daga cikin waɗanda akun ya ba Musa ɗan sarki. Ko kuwa a zana tafiyar Umar a rairayin filin makaranta, daga Kagara zuwa Kano, a ƙetare Sahara, a komo Rauta.

Ta huɗu, dillanci. Ɗan Wudil ya san yadda dillali ke koɗa sa a kara ranar Juma'a. To, a ba yaro minti uku ya koɗa littafin da ya karanta, ba tare da ya faɗi ƙarshensa ba. Makinsa shi ne yawan waɗanda suka nemi aron littafin bayan ya zauna.

Wani zai ce ai littattafan ne babu. Gaskiya ne, amma kwafi ɗaya ya ishi aji in ana karanta shi da ƙarfi, babi ɗaya kowace rana. Saboda haka muna roƙon ƙungiyarmu ta zaɓi makarantar firamare ɗaya a cikin gari, ta nemi izinin hedimasta, kowannenmu ya ba da littafi ɗaya da awa ɗaya a mako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu ma wasu ne suka zauna da mu har muka iya.

Allah ya ba mu ikon cikawa.