Jawabi: Hazon Hunturu da Lafiyar Direbobinmu



An ce in yi magana a kan hazo, tunda hunturu ne lokacin da kayanmu suka fi yawo tsakanin Maraɗi da Katsina, Damagaram da Kano, Ƙonni da Sakkwato. Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta, daga Nuwamba har zuwa Maris.

Ma'aikatan yanayi da mita suke auna hazo, wato nisan da ido ke iya gane abu. Idan ya gaza mita 1,000, jirgin sama ma yakan fasa tashi. A Faransa doka ce: idan ba a gani fiye da mita 50, ba wanda zai wuce kilomita 50 a awa, ko a babbar hanya.

Direbanmu ba shi da na'ura, amma yana da lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa. Da ka fara hango bishiya cikin hazo, fara ƙirge a tsanake. In ka iso ta a ƙirge na 6, ganinka mita 100 ne. In a na 3 ne, mita 50 kawai kake gani, kuma tirela mai lodi ba za ta tsaya cikin wannan tazara ba. Sai a rage gudu.

A kunna ƙaramar fitila ko da rana, don babbar tana dawo da haske cikin ido. Kada a wuce mota. In mota ta lalace, a fitar da ita daga kwalta, a sa alama can nesa, ba ganye a gindin taya ba.

Sauran magana tamu ce, masu kaya. Mu ne ke buga waya muna cewa lalle a iso kafin kasuwa ta ci. Direban da ke tsoron rasa lodi gobe shi ke taka mota yau. Ina roƙon ƙungiya ta amince: direban da ya tsaya saboda hazo, kada a zabge masa kuɗi. Kasuwa za ta sake ci mako mai zuwa.

Allah ya kiyaye hanya, ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.