Lauyan da Ya Riƙe Kujerar Kakaki

 Ko a teburin mai shayi a Unguwar Rogo ka ambaci Aminu Waziri Tambuwal, sai gardama ta kaure.

Lauya ne tun asali. Ya kammala karatun shari'a a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 1991, ya shiga Majalisar Wakilai a 2003 daga mazaɓar Kebbe da Tambuwal. A 2011 ya zama kakaki, alhali jam'iyyarsa ta PDP wata daban ta tsayar. Da ya koma APC a 2014, aka janye masu tsaronsa, 'yan sanda suka tare ƙofar majalisa, har wasu 'yan majalisa suka haura ta. Bai sauka ba, domin tsige kakaki sai da kashi biyu cikin uku na wakilai. A ganina nan sanin doka ya fi yi masa rana.

Gwamnan Sakkwato kuwa shekara takwas ya yi. Zaɓen 2019 da kyar ya sha, tazarar ƙuri'a 342 kacal, sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar masa. A 2023 ya wuce Majalisar Dattawa.